“Ba Laifi” da Kajin Madam Saratu

Ku yaran yanzu kun raina aikin gwaji. Ranar nan jikata Hauwa ta nuna mini yadda suke yi a wajen aikinsu. Ta tura wa mutane abu ta waya, ta miƙe ƙafa tana cin gyaɗa, sai ga taurari suna shigowa, wannan ya ba huɗu, wancan ya ba biyar. Wai shi ke nan an gama gwaji, har da wani suna wai beta. Na ce mata, a cikin masu taurarin nan wa kika taɓa zuwa gidansa? Ta yi dariya ta ce ni dai na cika tsohon yayi. To, tunda bakina bai mutu ba, bari in gaya muku yadda muka yi aikin nan a Kaduna, lokacin da kwamfuta ba ta shiga aljihu.

Ni ban karanta kwamfuta ba. Tafireta nake bugawa a wani ƙaramin ofishin bincike kan abincin dabbobi, can wajen Abakpa. Shugabanmu Dakta Iliyasu, Bazazzage ne dogo, mai magana a hankali kamar ba ya son ta ƙare. Wajen ƙarshen shekarun tamanin aka kawo mana kwamfuta, aka kuma ɗauko Bitrus, mutumin kudancin Kaduna, wanda ya iya rubuta abin da ku yanzu kuke kira manhaja. Mu furogiram muke ce masa. Aikin nasa ɗaya ne. Ka gaya masa yawan kajinka, da shekarunsu, da abin da kake da shi a hannu, masara ce, dusa ce, ƙuli-ƙuli ne, garin kifi ko garin ƙashi, shi kuma ya gaya maka yadda za ka haɗa su kaji su ƙoshi su yi ƙwai. Binciken Dakta na shekara da shekaru duk yana cikinsa.

A ofis abin ba ya kuskure ko ɗaya, don duk mai taɓa shi ya san inda ake taka shi. Dakta bai yarda da wannan ba. Wata safiya ya kira ni ya ce, “Garba, Bitrus shi ya haifi abin nan, ba zai ga muninsa ba. Ni ma haka. Ina son a kai shi hannun mutanen da ba su san mu ba, su jagwalgwala shi, kai kuma ka dawo ka gaya mana inda ya karye.”

Na ce, “Ranka ya daɗe, me ya sa ni?”

Ya ce, “Kai ka san bakin 'yan kasuwa.”

Gaskiya ya faɗa. Mahaifina mai awon hatsi ne a kasuwar Kawo, a gindin buhunansa na tashi. Ku riƙe wannan, don nan gaba za ku ji yadda ɗan mai awo ya sha kunya.

Kayan aikina ba su da yawa, amma kowanne sai da ya koya mini hankali. Na farko faifan kwamfuta, irin mai faɗin nan baƙi da ke lanƙwasa. A gwangwanin biskit nake saka su, in naɗe da tsumma, in rataya a jaka. Wata Juma'a na bar ɗaya a akwatin babur ɗina Vespa na shiga masallaci. Kafin a sallame rana ta gasa shi ya nannaɗe kamar busasshen ganye, dole na koma Abakpa Bitrus ya sake kwafa mini yana ƙunƙuni. Tun daga ranar bibbiyu nake ɗauka, kuma a jikina suke kwana suke tashi. Sai burushin fenti na share ƙura daga maɓallai, sai ribon ɗin firinta, sai biro biyu, sai fom ɗin tambayoyi wanda Dakta ya tsara da Turanci ni kuma na buga da hannuna.

Amma abin da ya fi ba ni wuya hannuwana ne. Dokar Dakta ita ce in mutum yana gwada furogiram, in danne hannuwana a ƙarƙashin cinya, in rufe baki. Kada in nuna masa maɓalli, kada in ce “a'a, ba nan ba.” Ku gwada ku gani. Kana kallon dattijo yana neman harafi ɗaya minti biyu, harafin kuwa ga shi nan gaban hancinsa, kai kuma an ce ka yi shiru ka rubuta. Na fi wata uku kafin jikina ya saba.

Wurin da muka fara ba da aron kwamfuta don gwaji shi ne injin niƙan Alhaji Mudi, bayan tashar motar Kawo. Masu kiwon kaji na Kawo da Mando a wajensa suke niƙa, saboda haka Dakta ya ce nan ne mahaɗa. Alhaji ya karɓe ta kamar baƙuwa daga nesa. Ya sa aka share mata ɗaki, ya sa tela ya ɗinka mata riga saboda garin masara. Ranar farko ya zauna, ya naɗe hannun babbar riga, ya fara da yatsa ɗaya. Furogiram ya tambaye shi kajin makonsu nawa. Alhaji ya duba sama, sannan ya rubuta: tun ƙaramar salla. Nan take allon ya cika da wasu rubuce-rubuce, abin ya sanƙare.

Ya ce, “Malam Garba, na kashe ta ko?”

Na ce, “A'a Alhaji, aikinmu ka yi mana.”

Da na kai labari ofis Bitrus ya kama kai. “Wa zai rubuta haka, don Allah?” Na ce masa duk Kawo haka za su rubuta, ba mai ƙirga wa kaza mako. Ya yi fushi na kwana ɗaya, ya gyara, ya sa abin ya riƙa tambayar watan da aka sayo 'yan tsakin, ya yi lissafin da kansa. Haka muka yi ta yi. Aka ɗauke wuta Alhaji yana tsakiyar aiki komai ya ɓace, Bitrus ya gyara. Aka ce sunayen kayan haɗi da Turanci suke, ya mayar da su Hausa. Ni dai in kwaso, shi ya ɗinke, in mayar. Aikin ya yi mini daɗi ƙwarai, don a karo na farko abin da na ji da kunnena yana canza abin da masu digiri suka rubuta.

Ƙorafin da ya fi yawa shi ne na kilo. Furogiram yana magana da kilo, mutanenmu kuwa ba su da sikeli, mudu suka sani da gwangwanin madara. Na kai wannan, Bitrus ya ce abu mai sauƙi. Ya aika aka sayo mudun masara, ya ɗora a sikelin ofis, ya rubuta nauyin, ya saka a furogiram. Daga ranar takarda ta koma fita da mudu da gwangwani. Ina tsaye a wurin aka yi, har na yaba masa.

A cikin masu karɓar takardar akwai Madam Saratu. Tsohuwar nas ce, mijinta ya rasu, ta yi ɗakin kaji a bayan gidanta a Mando. Kajin ƙwai ne wajen ɗari uku, kuma su ne cinta, su ne shanta, su ne makarantar 'ya'yanta. Ita ce mai gwajin da Dakta ya fi ji da ita, don komai aka rubuta mata bi take yi daidai, kamar takardar likita. Alhaji ya fitar mata da sabon haɗin na mudu, ta tafi da shi ta fara.

Kowace Laraba nake zuwa wajenta. Ta sa ni a falo, ta kawo mini zoɓo mai sanyi, mu gaisa, in tambayi yara, ta tambayi iyali. Sannan in ciro fom.

“Mama, yaya sabon haɗin?”

“Ba laifi.”

Fom ɗin da Turanci yake, sai in juya maganarta kalma da kalma, in rubuta wa Dakta cewa babu kuskure. Mako na biyu, ba laifi. Na uku, ba laifi. Har mako shida ina rubuta babu kuskure, ina shan zoɓo, ina hawa Vespa ina fito. Dakta ya ji daɗi, ya ce tunda Madam Saratu ba ta ga kuskure ba, abin ya nuna. Aka sa ranar da za a tara masu kiwo a raba wa kowa, har aka ba ni wasiƙun gayyata in buga.

Wata safiyar Laraba na tsaya karyawa a teburin Malam Tanko mai shayi, a bakin tashar Kawo. Na ce a soya mini ƙwai biyu. Ya ce sai dai burodi da shayi, ƙwai ya ƙare tun jiya. Na zauna, na ce, “Yaya kasuwa, Malam Tanko?”

Ya dubi kiret-kiret ɗinsa da ke jibge ba komai a ciki, ya ja numfashi, ya ce, “Ba laifi.”

Kofin yana bakina na tsaya. Ban buƙaci kowa ya fassara mini ba. Duk wanda ya sha nonon Bahaushiya ya san in mutum ya ce maka ba laifi da wannan muryar, to akwai laifi, kunya ce ko haƙuri ya hana shi faɗa. Ni da kaina haka nake ce wa tela in ya ɓata mini riga. Kuma muryar nan na san ta, mako shida ina jin ta a falon Mando.

Na ce, “Wa ke kawo maka ƙwai?”

Ya ce, “Madam ta Mando mana. Da kiret huɗu take aiko mini, yanzu ɗaya ma sai da roƙo. An ce ma sayar da kajin za ta yi ran Asabar, 'yan nama sun riga sun je sun gani.”

Ban shanye shayin ba.

Na same ta a tsakar gida. Ta nufi falo za ta kawo zoɓo, na ce, “Mama, yau ba falo. Ɗakin kaji za ki kai ni.” Ku ji abin kunya, wata da watanni ina zuwa gidan nan ban taɓa leƙa ɗakin ba. Tana buɗe ƙofa wari ya buge ni. Garin katakon da ke ƙasa ya jiƙe sharkaf, kashinsu ruwa-ruwa, kajin sun yi cincirindo a kan mazubin ruwa suna sha ba ji ba gani, abinci kuwa ga shi a gabansu sun ƙi kulawa. Na leƙa inda suke ƙwai, sai ɗaiɗai.

“Tun yaushe, Mama?”

“Tun sati biyu da fara sabon haɗin nan. Na ɗauka ciwo ne, na ba su magani, bai yi ba.”

“Kin yi zargin haɗin ne?”

Ta gyara ɗankwali. “Na yi. Amma Malam Garba, abu kyauta aka ba ni. Dakta babban mutum ne, ya yi karatu. Kai kuma ka hau babur cikin rana ka zo har gidana. Sai in buɗe baki in ce abinku bai da kyau? Ai na ce maka ba laifi. Na ɗauka ka ji.”

Ta ɗauka na ji. Wallahi da ƙasa za ta tsage da na shige.

Na roƙe ta ta haɗa abincin a gabana, yadda take yi kullum. Na zauna a kan bulo, na danne hannuwana. Ta ɗauko takarda, ta auna masara, ta auna dusa, ta auna ƙuli-ƙuli, ba ta kauce ko kaɗan ba. Da ta zo kan garin ƙashi sai na ga ta sa hannu biyu ta ɗaga mudun, alhali na dusa da hannu ɗaya ta ɗauke shi. A nan na karya dokar Dakta. Na tashi na karɓi mudun ƙashin a dama, na cika wani da dusa na riƙe a hagu. Hannun dama ya yi ƙasa, na hagu kamar ban riƙe komai ba.

Abin da yaro ɗan shekara bakwai ya sani a rumfar babana, shi na tsaya ina kallo aka ɓata a ofis har ina yabo. Mudu cika yake aunawa, ba nauyi ba. Bitrus masara kaɗai ya ɗora a sikeli, furogiram kuma ya ɗauka kowane abu nauyin masara gare shi. Saboda haka masu sauƙi, irin dusa da garin kifi, sai su zo ba su kai ba. Masu nauyi kuwa, garin ƙashi da gishiri, sai su wuce kima. Mako shida kajin baiwar Allah suna cin gishiri da ƙashi, abin gina jiki kuma bai ishe su ba.

Na ce, “Mama, kajinki ba su da ciwo. Mu ne ciwon. Don Allah kada ki sayar ran Asabar. Ki koma tsohon haɗinki yau ɗin nan, ki ba ni sati uku.”

Ta ce, “In sun ƙara ramewa fa? 'Yan nama ma ba za su dube su ba.”

Gaskiyarta ce. Ta daɗe tana kallon kajin, sannan ta ce, “Sati biyu.”

Ban taɓa jin tsawon hanyar Mando zuwa Abakpa kamar ranar ba. Na sami Dakta da Bitrus tare, na zayyana musu komai. Bitrus ya zauna a kan tebur, idonsa ya yi ja. Dakta ya jawo fom shidan nan, ya jera su, ya bi su da yatsa.

“Nan ka rubuta babu kuskure. Da Hausa me ta ce maka?”

Na ce, “Cewa ta yi ba laifi.”

Ya cire tabarau a hankali ya ajiye. “Garba, kai Bahaushe ne kuwa?”

Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Ya ce in yaga wasiƙun gayyata, taro sai wani lokaci. Ya ce fom ɗin ma nasa ne, shi ya tsara tambayar da ba ta da amsa sai ta kunya. Washegari da kansa ya shiga mota ya je Mando, ya cire hula a tsakar gidan Madam Saratu ya ba ta haƙuri. Daga can ya bi sauran masu kiwon da suka karɓi takardar mudu. Ashe biyu daga cikinsu tuni sun jefar da ita sun koma nasu haɗin, kuma su ma duk Laraba ba laifi suke ce mini.

Ni da Bitrus kuwa kasuwar Kawo muka tare kwana uku. Na aro mudun babana, muka ɗauko sikelin ofis a bayan Vespa. Duk abin da kaza ke ci sai da muka auna, a shafe da kuma in an yi masa tozo, don awon Madam daban, na Alhaji daban. Tsoho yana zaune a kan buhu yana kallonmu. Da na gaya masa abin da ya faru ya yi dariya har da tari, ya kira maƙwabtansa su zo su ga ɗansa da ya je ofis ya mance dusa ba ta da nauyi. Bitrus ya ce, “Baba, ni ne na yi kuskuren.” Tsoho ya ce, “Kai ai baƙo ne a rumfa. Wannan fa?”

A cikin makon farko ɗakin kajin ya bushe. Ƙwai kuwa shiru. Kullum da safe sai na biya Mando kafin ofis, in shiga in ƙirga da idona, in fito ba abin faɗa. Sai ana saura kwana uku wa'adin ya cika na tarar da ita a ƙofar ɗakin da kiret biyu cike, tana cika na uku. Ba su koma yadda suke da ba sai bayan wata guda, wasu 'yan kaɗan ma ba su koma ba sam, ta yanka. Amma 'yan nama sun zo sun koma hannu rabbana, kuma Madam Saratu ta ci gaba da kiwonta har na bar aikin.

Daga wannan shekarar salon aikina ya canza. Na daina tambayar mutum yaya abin yake, sai in ce ya nuna mini. Na daina zama a falo. Abin da mutum ya faɗa kuma da Hausarsa nake rubutawa, har da inda ya ja numfashi. Kuma kafin in ba kowa faifai sai na gaya masa cewa wannan ba kyauta ba ce, aiki muka kawo masa, kuma wanda ya fi samo mana aibu shi ya fi taimakonmu. Shekara goma sha wani abu na yi ina wannan, daga masu kaji zuwa masu shanun madara, kuma ban taɓa da-na-sanin barin tafireta ba.

Ranar da na kai wa Madam Saratu takardar da aka gyara, ta sa tabarau ta karanta tun daga sama har ƙasa, ta sake komawa. Na danne hannuwana ina jira.

Ta ce, “Malam Garba, wannan takarda taku akwai laifi.”

Na ce, “Nawa, Mama?”

“Rubutun ya yi ƙanana, tsohuwa ba ta gani. Ba ku faɗi wane gwangwani ba, babba ko ƙarami. Kun sa gishiri a ƙarshe inda takarda ke yagewa. Kuma in babu garin kifi a kasuwa fa, sai kaji su yi azumi?”

Sai da ta lissafa bakwai. Biro na farko ya ƙare na ciro na biyu, ina rubutu ina murmushi kamar an yi mini albishir. A duk shekarun da na yi a aikin nan ba a taɓa gaya mini magana mai daɗin wannan ba.

Saboda haka Hauwa, taurarin nan naki huɗu-huɗu, ni na san sunansu da Hausa. Har gobe, in na tambayi mutum aiki ya ce mini ba laifi, ba na tafiya. Kujera nake nema in zauna.